Sarautar Abang Sudin a Lambun Gida Tara

A kasuwar Laraba ta ƙauyenmu Air Redup, a ƙasar Malesiya, har yau akwai masu rantsuwa cewa biran da ke kan tudun bayan gari suna da majalisa biyu, ta wakilai da ta dattawa, kuma taubashina Abang Sudin ne ya kafa musu. Wai kafin su faɗa lambun mutum sai sun zauna sun kaɗa ƙuri'a, masu goyon baya su ɗaga wutsiya. Wai in ya zo wucewa a kan kekensa sai su sauko su jeru a bakin hanya, babbansu ya karanta masa jawabin godiya. To, ƙarya ce. Na sani, domin ni na ƙaga ta a shagon shayi, ranar da ruwan sama ya tsare mu aka rasa abin faɗa. Birai ba su san Sudin da wata alfarma ba, jifansa suke yi da ɓawo kamar kowa. Abin da yake gaskiya shi ne ya taɓa yin sarauta, mai mabuɗi da lema ruwan ɗorawa, kuma ƙasarsa gida tara ce da bishiyoyin da ba su cika ɗari ba na duriyan, ɗan itacen nan mai ɓawon ƙaya da ƙarfin ƙamshi.

Kakarmu Tok Esah 'ya'ya tara ta haifa. Uwata ce ta fari, uban Sudin ne auta. Ni kuma autan uwata ne, shi ɗan farin ubansa, sai muka tashi kusan kai ɗaya, ya girme ni da damina guda, wadda saboda ita nake ce masa Abang, wato yaya, har yau ba don ya cancanta ba.

Tun yana yaro ba a nan duniyar yake kwana ba. A aike shi sayen gishiri, sai a tarar da shi a kan gada yana kallon ruwa, an gama cin abincin an wanke tukunya. In kuwa an neme shi an rasa, to a tafi gindin Tagulla. Tagulla ita ce uwar bishiyoyin lambun, tana can saman gangare, kakan Tok Esah ne ya shuka ta. Tsayinta, in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshenta hularka za ta faɗi, in ka juya ɗaukar hular ka tarar har ta yi tsiro. Naman 'ya'yanta ja-ja ne kamar gindin tsohuwar tukunyar tagulla, da ɗan ɗaci a ƙarshen zaƙin, kuma in guda ɗaya ya fashe a saman tudu, liman a masallaci sai ya haɗiye yawu a tsakiyar huɗuba. A nan Sudin yake kwanciya rigingine, hannu a ƙeya, yana kallon rassa suna tafiya da gajimare. Duriyan ba a tsinkarsa. Jira ake yi har ya ga dama ya saki reshe da kansa, ka ji tim a cikin ganye, ka bi ƙamshi ka ɗauko. Duk dangi babu wanda ya iya wannan jira kamar Sudin. Tok Esah takan ce wannan yaro ba malalaci ba ne, Allah ne ya yi shi don duriyan.

Ni makaranta muka rabu da ita tun da wuri, ba faɗa, kowa ya kama gabansa. Shi ya ɗan jure. Da ya gama sai ya nemi aikin akawu a gwamnati, aka ce akwai jarrabawa, ya sayi ɗan littafin kundin tsarin mulkin Malesiya don ya shirya. Nan aka rasa shi. Ranar jarrabawar tambaya ta farko ta ce a faɗi bambancin ikon jiha da na tarayya a taƙaice, shi kuwa ya yi ta rubutu a kanta har aka share ɗakin aka rufe tagogi. Ya faɗi, faɗuwar da aka ji ƙararta har birnin Ipoh. Amma littafin bai bar aljihunsa ba, har ya yi laushi kamar ganyen ayaba da aka gasa.

Sai ya zama kwandastan babbar bas mai zuwa gabas. Wani in ya dawo daga tafiya tsaraba yake kawowa, Sudin mamaki yake kawowa. Ya zauna a kan matakalar gidan Tok Esah yana ba mu labari idonsa na can wani wuri: wai ka tashi a Perak, ka yi gyangyaɗi, ka farka a Kelantan, tuta ta sake, sarki ya sake, har ranar hutu ta koma Juma'a, amma kuɗin da ke aljihunka bai sake ba, sojan da ke gadinka shi ne dai. Jiha goma sha uku, tara masu sarakunan gado, kuma sarakunan nan tara su zauna su zaɓi ɗaya a cikinsu ya zama sarkin ƙasa duka, ya yi shekara biyar ya koma gida, na gaba ya hau. Yakan ce a duba a gani, duk duniya ina aka taɓa jin sarki ya naɗe tabarmarsa da kansa ya ba wani wuri, ba jini, ba kuka. Yakan faɗi haka kamar mai ba da labarin budurwa. Fasinjoji da yawa sun sauka ba su biya ba yana tsakiyar yi wa direba bayanin majalisar dattawa.

Da Tok Esah ta rasu aka raba bishiyoyi gida tara. Bishiya ta rabu, amma gangare bai rabu ba. Duriyan ɗin gidan sama ya faɗo ya gangara ya tsaya a gindin bishiyar gidan ƙasa. Na wa ne? Kaka biyu aka yi ana wannan tambaya da adda a hannu. Shinge ya ruɓe ba mai gyarawa, aladun daji suka mai da lambun gidan gwaggonsu, suna shigowa da 'ya'ya da surukai. Tagulla kuwa kowa ya ce tasa ce. Ranar wata ƙaramar Salla kawunnanmu biyu suka ƙi gaisawa a ƙofar masallaci, uwata ta dawo gida ta rufe ɗaki tana kuka.

Washegari Sudin ya zo da gwangwanin fenti. Ya tara iyayenmu a bukkar gadi da ke ƙarƙashin Tagulla, ya ce shi ya ga yadda sarakuna tara suke zaune lafiya, gida tara ba za su gagara ba. Aka yi dariya, amma an gaji da faɗa, sai aka bar shi. Ya ja layi uku a jikin katakon bukkar. Na farko, abin da yake na kowane gida shi kaɗai: bishiyarsa, takinsa, 'ya'yansa, ba mai sa masa baki, kamar yadda ƙasa da gona suke hannun jiha. Na biyu, abin da yake na tsakiya: shinge, wanda shi ne sojanmu, da hanya, da ƙofa, da bukka, da Tagulla, wadda ba ta kowa ba ce don ta kowa ce. Na uku, abin da aka haɗa hannu a kai: korar birai da kurege. Duriyan ɗin da ya gangara ya tsallake iyaka a kai shi kotu, kotun kuwa surukai uku ne tsofaffi waɗanda ba su da ko reshe a lambun. Sau da yawa alƙalan sukan cinye shaidar kafin su yanke hukunci, amma ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Majalisa, kowane gida murya ɗaya. Matan da ke madafa su ne majalisar dattawa: ba su iya kashe magana, amma suna iya jinkirta ta kaka guda, kuma sun ƙware. Sai sarki. Sarauta ta zagaya gida-gida daga na fari zuwa auta. Sudin ya so shekara biyar-biyar kamar ta ƙasa, aka lissafa aka ga kafin ta iso gidan ƙarshe sai dai a kai lemar maƙabarta, aka tsaya a uku. Sarki shi ke riƙe mabuɗin ƙofa da lemar, shi ke zama a bukkar Tagulla, shi ke fasa duriyan na farko a raba wa kowa. Amma ba ya ciniki, bishiyoyin gidansa sai ya ba wani riƙon ƙwarya, kuma ba ya yin komai sai abin da majalisa ta ba shi shawara. In an kawo masa magana yana da wata guda ya yi tunani, daga nan ta zama doka, ya so ko ya ƙi. Wani kawunmu ya tambaya, to mene ne amfanin sarkin? Sudin ya ce inuwa. Aka ce ya yi bayani, sai ya ɗaga kai yana kallon rassa, ba a sake samunsa ba sai la'asar.

Uwata ce ta fara. Shi da ya tsara abin ya sa gidansu a ƙarshen layi, bai ko yi gardama ba. Ya koma bas ɗinsa yana jira. Ya auri Kak Latipah, mace mai lissafi a ido, ya haifi 'ya'ya, ubansa ya rasu ya gaji muryar gidan, gashin kansa ya bi iskar tagar mota ya tafi. Duk kakar duriyan yakan ɗauki hutu ya zo ya gyara shinge, ya sake bin rubutun bukka da fenti, sannan ya tsaya daga nesa yana kallon wanda ke zaune ƙarƙashin lemar. Ya taɓa gaya mini abin da yake gani in ya rufe ido. Ba wani abu ba ne: shi ne a kwance a bukkar da hantsi, mabuɗi a ƙirji, furannin Tagulla sun zuba sun rufe ƙasa fari fat, gida tara suna ƙasa kowa na aikinsa, ba mai kiran sunansa. Na ce masa wannan ai ba mulki ba ne, barci ne da hula. Ya ce ban yi nisa da gaskiya ba.

Kafin layi ya iso kansa duniya ta juya. Masu manyan motoci suka fara hawowa neman sabon irin duriyan ɗan aure, wanda ake kaiwa ƙasashen waje, namu na gargajiya kuwa sai a kwashe shi a kwando kamar kabewa. Gida-gida aka shiga sare tsofaffin bishiyoyi daidai ƙirji, a tsaga kututturen, a soka reshen sabon iri a ɗaure da leda. Ba mai hanawa, yana cikin layin farko. Lambun da a da rana sai ta nemi izini kafin ta shiga ya koma fili mai kututture, kowanne da 'yar hularsa. Tagulla kaɗai ta rage a sama, tana kallonsu.

A haka sarauta ta zo wa Sudin. Mun yi biki, an dafa shinkafa mai danƙo, na yi masa kirari har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Ya ajiye aikin bas, ya ba Kak Latipah riƙon ƙwaryar bishiyoyinsa. Ba a yi mako ba ta kira mai zarto ta aurar da su duka. Da ya buɗe baki sai ta nuna masa bangon bukka da tsinin laɓɓa, ya rufe.

Shekararsa ta biyu Kak Ropiah ta kawo magana majalisa. Kak Ropiah 'yar kawunmu ce ta gida na uku, ba muguwa ba ce, 'ya'ya biyu gare ta a jami'a kuma shingen lambu na neman sabuwar waya. Ta ce Tagulla ta tsufa, inuwarta na danne ƙananan da ke ƙasa, in aka aurar da ita abin da za ta kawo zai riƙe shinge da hanya har jikoki. Aka kaɗa ƙuri'a. Ni da muryar gidan uwata ta dawo hannuna na ɗaga hannu sau biyu, ɗaya nan ɗaya can, don ba na son ɓata wa kowa, aka soke tawa. Duk da haka masu sara suka yi rinjaye. Madafa ta jinkirta maganar kaka guda, iyakar ƙarfinta ke nan. Da kaka ta zagayo aka hau da ita wurin sarki.

Ina wurin. Ya saurara har ƙarshe yana murza mabuɗin a hannu. Ya ce zai ɗauki watansa.

Watan nan a bukka ya yi shi. Lokacin 'ya'ya ne, kuma kamar an gaya mata, Tagulla ta yi haihuwar da ba a taɓa gani ba, rassa har suna nishi. Nakan hau da hantsi in kai masa baƙin kofi in same shi a kwance, lemar na jingine, hasken rana na yawo a fuskarsa kamar ƙananan kifaye. Iska ta taso daga kwari, ganye ya yi shuu, can sai tim. Ba ya tashi nan da nan. Sai ya bari ƙamshin ya zo ya same shi. Wani lokaci yana magana, ban sani ba ko da ni ko da ita. Ya ce yana jin saiwoyinta sun bi ƙarƙashin iyakokin gida tara duka, ba wanda ya ba su izini, ba wanda ya hana su. Ya ce wata rana a bas ya yi mafarki ƙasar nan gaba ɗaya bishiya ce mai rassa goma sha uku, kowane reshe na rantsuwa shi kaɗai yake tsaye a sama. Na ce kofinsa zai huce.

Ana saura kwanaki kaɗan Mak Andak ta hau tudun da sandarta. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Tok Esah, ta kusa casa'in, hawan da ta yi sai da ta huta a kowane kututture. Ta zauna a bakin bukka ta ce masa motar mai zarto ba ta da hanya sai ta ƙofa, ƙofa kuma mabuɗinta ɗaya ne. Ta ce gida uku suna bayansa, samarinsu za su kwana a shinge in ya ce a kwana.

"Ɗan ƙanena," ta ce, "fenti ne fa. Kai ka shafa shi, kai za ka goge. Uwata a gindin nan ta yaye ubanka."

Ya juya mabuɗin a tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Mak Andak, in na goge layi ɗaya don abin da nake so, gobe wani zai goge biyu don abin da yake so. Kin tuna Sallar da aka ƙi gaisawa."

Ta ce ta tuna. Ta ce kuma ta tuna ɗanɗanon Tagulla tun ba ta da haƙora, yanzu ma ba ta da su, kuma shi shashasha ne kamar ubansa. Ya fasa mata guda ɗaya, suka ci tare, ya goya ta ya sauko da ita.

Ranar da wata ya cika, ɗan Tagulla na ƙarshe ya riga ya faɗo. Da sassafe motar ta tsaya a ƙofa, Kak Ropiah na gefe ta kasa ɗaga ido. Mutane suka taru, rabi sun zo ganin sara, rabi sun zo ganin faɗa. Sai ga Sudin yana saukowa cikin raɓa, da farar rigarsa ta Juma'a, lema a buɗe ba rana ba ruwa. Ya sa mabuɗi ya buɗe ƙofar da hannunsa, ya tura ta har bango, ya ce wa mai zarto ya bi a hankali wajen kwana, akwai laka. Ya ce wa Kak Ropiah ta zaɓi reshe mai lafiya, kututturen ya cancanci na kirki. Daga nan ya koma ya zauna a kan dutse ya juya baya.

Yini guda aka yi ana sauke ta reshe-reshe. Da gangar ta faɗi, kofuna sun yi tsalle a shagon shayi, wannan kam ba ƙari na yi ba, ko in na yi kaɗan ne. Sama ta buɗe a wurin kamar an cire rufin ɗaki. Tsuntsaye suka yi ta zuwa suna kewaya wurin da reshe yake a da, suna komawa.

Na bar shi kwana biyu, iyakar ladabina ke nan. Rana ta uku na hau na same shi a bakin bukka, rana na dukan katakon da bai taɓa ganin rana ba, ya kafa lemar a kan kututturen don kada sabon reshen ya ƙone. Shi kansa yana zaune a fili, gumi na bin sanƙonsa. Na durƙusa na kai goshi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sarkin kututture, mai lema ɗaya ita ma aro. Talakanka ya kawo gaisuwa. An ce sarki inuwa ne, ga shi sarki na neman inda zai fake."

Bai kula ni ba, yana gyara igiyar ledar. Sai na ƙara wuta. Na ce shekara ashirin da wani abu yana jiran sarauta, da ta zo abin da ya yi da ita shi ne buɗe wa zarto ƙofa, ko maigadin makaranta ya fi shi iko. Na ce da ni ne da mabuɗin nan, da na jefa shi rafi, na rushe majalisa, na kori Kak Ropiah gudun hijira gidan mijinta, na sa alƙalai su biya duk shaidar da suka cinye, na sayar da shingen na sayi babur.

Ya gama ɗaurinsa, ya goge hannu a zane, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Na sani, Derus," ya ce. "Badi layi zai koma gidan farko, kai ne sarki. Igiyar dokokin nan tun ranar da na tufka ta da wuyanka na auna. Ni gwada ta kawai na yi, in ga ko za ta riƙe."